Gashin Rijiya

A lambun babana, cikin wani kwari gabas da ƙauyenmu a ƙasar Sandamu, akwai rijiyar da kakana ya haƙa tun ba a haifi Baba ba. Zurfinta gaba shida. Babu siminti a jikinta, jar marmara ce ta riƙe kanta, sai gumaguman ƙirya huɗu da aka gitta a baki. Kudu da ita wata tsohuwar tsamiya ce a tsaye, ta miƙo manyan rassa biyu, ɗaya ya nufi gabas, ɗaya ya kwanto daidai kan rijiyar. Kanya da baure na gefe, sun haɗa kai da ita. An daɗe da sare kwarin nan kaf an mai da shi gonaki, wannan ɗan kurmin kaɗai ya tsira, shi ma don Baba mutum ne mai taurin kai. Ko a tsakiyar bazara, in ka shiga ƙarƙashinsa sai ka ji gumin bayanka ya yi sanyi.

A cikin rijiyar akwai wani tsiro da ya zagaye bango, daga kamu biyu ƙasa da baki zuwa kamar kamu huɗu. Karansa baƙi ne siriri mai sheƙi, ganyensa ƙanana masu laushi, ba su kai na zogale girma ba. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya tsohon ganye za ka ga wani gari-gari ruwan ƙasa a gefensa, Baba ya ce irinsa ke nan. Sabon toho kuwa a nannaɗe yake fitowa kamar wutsiyar hawainiya, sai ya yi kwanaki yana warwarewa. A gidanmu gashin rijiya muke ce masa. Ban taɓa ganinsa a wata rijiya a yankinmu ba, kuma na leƙa rijiyoyi da yawa.

Baba ya san halin tsiron nan fiye da yadda ya san halin 'ya'yansa. Yakan ce abin ba ya son rana, ba ya kuma son duhu, so yake rana ta ratso ta cikin ganyen tsamiya ta taɓa shi ta wuce. Ya nuna mini haka tun ina ƙarami, muna kwance ruf da ciki a kan gungumen ƙirya. Ta bangon arewa, inda ɗige-ɗigen haske ke sauka da hantsi, ganyen ya fi faɗi, ya fi duhun kore, ya cika dam. Ta bangon kudu, wajen gindin tsamiya, inda hasken bai cika kaiwa ba, karan ya fi tsawo, ganyen tsilla-tsilla, duk sun karkato suna leƙen tsakiyar rijiya. Sama da kamu biyu iska ta busar da bango, ƙasa da kamu huɗu duhu ya yi yawa. Da damina, in tsamiya ta cika ganye, sai ya hauro har ya leƙo ta tsakanin gumaguman, da bazara ya koma ciki. Ni dai a lokacin kwaɗin da ke can ƙasa sun fi ɗaukar hankalina.

Inna, mahaifiyata, tana da tari. Tun da na yi wayo na san ta da shi, yakan lafa da damina ya taso in sanyi ya shigo, har sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Kowace Juma'a da safe, kafin ya jefa guga, Baba zai kwanta a kan gungume ya zura hannu ya tsinko ganye biyar ko shida. Ba ya taɓa saiwa. Ya naɗe su a ganyen baure, ya cire tsohuwar hularsa ta aiki ya sa a ciki, ya mayar da ita kansa. In ya dawo gida shirin masallaci sai ya ajiye hular a kan kifaffen turmi, bai ce wa kowa komai ba. Inna ta ɗauka ta dafa da citta da ɗan masoro, ta zauna bakin ƙofa ta shanye a ƙoƙo tana yamutsa fuska. Mutanen da ne, ban taɓa ganin sun zauna tabarma ɗaya ba, ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya wata magana mai taushi ba. Hular nan a kan turmi ita ce iyakar abin da na gani tsakaninsu.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. In tana son abu sai ta ce wa ƙanwata, “Ki ce wa yayanki abinci na hucewa,” alhali ina zaune taku uku daga gare ta. Alkunya ce irin tasu, ban taɓa jin haushinta ba. Baba kuwa da na girma sai ya laƙaba mini “malamin gona”, don aikina ke nan, ina koyar da darasin noma a wata ƙaramar sakandare a Daura. Yana faɗa yana murmushi ta gefen baki, shi da ya san ban taɓa riƙe fartanya daga hantsi zuwa azahar ban tsaya na dafe ƙugu sau goma ba. Shekara da shekaru ina zana rana a allo, in ja kibiya daga ita zuwa ganye, in sa ɗalibai su maimaita cewa tsiro ba ya rayuwa sai da hasken rana. Suna maimaitawa da ƙarfi, ni kuma ina jin na san aikina.

Baba ya haura saba'in yana jan guga da hannu. Fangalinsa da a da ya kai arba'in ya koma sha biyu, su ma sai ya huta sau uku kafin ya gama ba su ruwa. Wata ranar Asabar na same shi zaune a gindin tsamiya yana murza kafaɗa, igiya a yashe, albasa ta langaɓe. Abin ya tsaya mini a rai. A lokacin famfon sola ya fara yawa a lambunan gefen Daura, ka ga faranti biyu ko uku a kan ƙarfe, ruwa na bulbulowa ta tiyo ba mai jan komai. Na ƙudura sai na sa wa Baba irinsa. Tausayi ne ya fara kawo tunanin, wannan ba na shakka. Amma ba zan ɓoye ba, akwai son a gani a ciki, ina so ƙauyenmu su san bokon da aka yi mini bai tafi a banza ba.

Bayan kaka, da aka fara shirin noman rani, na zo da kayan da mai haɗawa, wani mutum mai shago a kasuwar Daura. Ya tsaya a bakin rijiya ya ɗaga kai ya dubi tsamiya.

“Malam, wannan itacen zai cinye maka ranar,” in ji shi. “Ko dai a rage shi, ko a kai farantan can ƙarshen lambu. Amma in can ne sai an ƙaro waya, ni kuwa ban zo da ita ba.”

Ya ce washegari zai wuce garin Babban Mutum, yana da aikin mako biyu a can. Ni kuma na riga na shaida wa rabin gari su zo da yamma su ga ruwa na hawa da kansa. Na ce a rage itacen.

Baba yana tsaye yana ji. Ranar yana da ta'aziyya a wani ƙauye kusa da mu, har ya sa babbar riga. Ya matso kusa da ni ya sassauta murya.

“Malamin gona, in ya zama dole ka rage na gabas ɗin. Wanda ke kan rijiya ka bar shi.”

Na ce, “To, Baba.” Ya tafi.

Aka kira mai saran itace na garinmu, ya hau da barandami ya sauke reshen gabas. Aka kafa ƙarfe, aka ɗora faranti. Da rana ta ɗan karkata sai inuwar ɗaya reshen ta hau rabin farantan, famfo ya riƙa tari yana tsayawa. Mai haɗawa ya girgiza kai ya ce haka zai yi ta yi kullum. Mutane sun fara taruwa a bakin shinge. Na ɗaga kai na ce wa mai sara ya sauke wancan ma. Ya dube ni daga sama, barandami a hannu, ya ce, “Babanka ya sani?” Na ce ya sani. Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni.

Reshen ya fi yadda muka zata nauyi. Da ya faɗo sai da ya tafi da rabin kan kanya. Aka ja shi gefe, haske ya zubo cikin rijiyar gaba ɗaya, karo na farko a rayuwata na ga ƙasanta tar, har na ga kaina a cikin ruwa ina leƙe. Gashin rijiya ya yi kore shar a cikin rana, ban taɓa ganin kyansa kamar ranar ba. Na ji daɗi. Na ma ce a raina yanzu ne zai samu hasken da ya daɗe yana nema.

Baba ya dawo bayan la'asar, ruwa na gudu a tiyo, mutane na ta sa albarka. Ya tsaya ya dubi sama inda reshen yake a da, ya daɗe. Ya je ya leƙa rijiyar. Sannan ya tattare hannun riga ya tara tafinsa a bakin tiyo, ya wanke fuska. Ya ce mini, “Allah ya yi maka albarka.” Can da mutane suka ragu ya ƙara da cewa, “Ka buɗe mata kai.” Bai sake tayar da maganar ba.

Mako uku bai cika ba gefen ganyen ya fara ƙonewa. Na bangon arewa, wanda ya fi kyau, shi ya fara tafiya, don can rana ke dukan bango daga hantsi har bayan azahar. Ya nannaɗe, ya yi ruwan ƙasa, in ka taɓa ya marmashe kamar busasshiyar taba. Baƙin karan kaɗai ya rage a tsaye. Ruwan da muka sani garai-garai ya fara gansakuka. Famfon kuma yana ja fiye da yadda hannun tsoho ke ja, ruwa ya yi ƙasa, bangon da kullum yake da laima ya bushe ya fara tsagewa.

Baba ya shiga neman yadda zai mayar da inuwa. Da farko zana ya kifa a bakin rijiyar, ya bar ƙofar tiyo kawai. Bayan 'yan makonni ya ɗaga, ya tarar sabon tohon da ya fito ta kudu ya yi fari fat, dogo, ba ƙwari, ya langaɓe a jikin bango, ga fumfuna ta kama shi. Ya cire zana ya sa asabari, don haske ya riƙa ratsowa. Asabarin da kansa ya ɗauki zafi ya riƙa huro shi ciki. Daga nan ya kafa rumfa a kan dirkoki huɗu, ya jera karan dawa da tazara, kullum yana matsar da wannan yana cire wancan, yana yayyafa wa bango ruwa da buta safe da yamma. Na same shi a kan wannan aikin wata Asabar, na ce masa ai inuwa inuwa ce, ya bar wahalar da kansa.

“Ta itace motsi take yi,” ya ce, bai ko juyo ba. “Tana da sanyi a jikinta. Wannan matacciya ce.”

Na yi dariya, na so in yi masa bayanin allo, sai na ga ba ya saurare. Iskar bazara ta farko ta kwashe rumfar ta watsa karan cikin albasa.

Ni kuma na bi ta inda na iya. Na ɗauki Inna a mota na kai ta asibiti a Daura, ƙanwata na tsakaninmu tana isar da magana. Suka auna ta, suka ba ta wani abin shaƙa da ƙwayoyi. Tarin ya kwanta sosai, har ta koma daka da kanta. Lambu kuma ranin nan ya yi abin da bai taɓa yi ba, fangali ya koma arba'in, tattasai har sai da aka tokare shi da kara. Duk inda na bi a ƙauye ana nuna ni. A wurina magana ta ƙare: ruwa ya samu, tari ya kwanta, ciyawar bangon rijiya kuwa ba ta isa a yi mata makoki ba.

Sai dai hular ba ta daina sauka a kan turmi ba. Wata Juma'a da aka ba mu hutu na zo gida na gan ta a can, Inna na kwance ganyen baure. Ganyen da ke ciki uku ne, ƙanana, koren ya koɗe. Na ce wa Baba, “Ashe ya farfaɗo?” Ya ce, “Yana nan.” Da yamma na je lambu na leƙa. Daga baki har kamu huɗu bango fayau, ba ko tsinke. Sai can ƙasa, ya fi gaba biyu, ƙarƙashin wata marmara da ta ɗan turo kai ta yi masa rumfa, na hango wani ɗan kore kamar faɗin faifai. Rana ta kore shi daga sama, ya gangara inda laima da 'yar inuwa suka rage. Na kuma ga ramukan taka ƙafa da kakana ya sassaƙa a jikin bango, waɗanda tun ina yaro a toshe suke da ƙasa, an share su, bakinsu ya yi ja sabo. Na gani da idona. Na ce a raina wataƙila mai yasar rijiya aka sa ya shiga, na miƙe na kaɗe riga na tafi duba tattasai.

Wannan tsayuwar a bakin rijiya ta fi saran reshen damuna. Saran reshe na yi shi cikin gaggawa da idon mutane. Ranar kuwa ni kaɗai ne, ba mai kallona, kuma na san babu mai yasar da Baba zai bari ya taka masa bango. Tambaya ɗaya ce ta rage in yi, na ƙi yi don na san inda amsar za ta dawo.

Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, ranar Juma'a. Ina cikin aji wayata ta yi ta ruri a aljihu har na fita na ɗauka. Ƙanwata ce. Ta kai wa Baba fura da hantsi, ta tarar da takalmansa a jere a bakin rijiya, rigarsa a ninke a kai, igiyar guga a ɗaure a gindin tsamiya ta sauka ciki. Ta leƙa ta ji yana salati a hankali. Ramin da ya taka ne ya ɓare, marmarar da rana ta yi wata shida tana gasawa ta marmashe a ƙarƙashin ƙafarsa, hannunsa kuma bai iya riƙe igiyar ba. Da ruwan yana inda yake a da, da cikin ruwa mai zurfi zai faɗa, kuma Baba ya iya ruwa. Famfo ya yi aiki tun safe, abin da ya rage bai wuce gwiwa ba, ƙarƙashinsa dutse.

Maƙwabtan lambu suka shiga suka ɗaure shi da igiya da zani suka jawo shi. Ƙanwata ta ce da aka kwantar da shi a ƙasa, kafin ya ce ga inda ke ciwo, hannu ya kai kansa ya taɓa hula. Tana nan, ya danna ta sosai kafin ya fara hawowa. Ya cire ya miƙa mata ya ce, “Ki kai wa uwarki.”

A Daura suka ɗauki hoto suka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai Katsina. A Katsina likita ya ja ni gefe ya ce aiki zai yiwu, amma ba ya da tabbas zuciyar dattijon za ta ɗauka. Baba ya ji, don kunnensa bai tsufa ba. Ya ce a mai da shi gida. Muka kawo mai ɗori, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya ƙi kamawa. Mutumin da ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a ɗaki ba ya kwanta a kan tabarma damina guda, ana juya shi, ana ɗaga shi, bayansa ya yi gyambo. Yana jin ruwa na sauka a kan kwano, yana tambayar ko an yi maimai a gona.

A cikin makon da muka dawo daga Katsina na je kasuwa na sayo wayar solar da aka ce sai an ƙaro, na ɗauko mai haɗawa ya mayar da farantan ƙarshen lambu. Tsakanin azahar da la'asar ya gama. Na tsaya ina kallonsa yana naɗe sauran wayar, na ji kamar in kama shi da faɗa, alhali shi tun ranar farko ya faɗa mini hanya biyu ce.

Duk zuwan da na yi, Baba sai ya tambaye ni tsamiya. Na ce ta yi toho a bakin saran. Ya ce tsawonsa nawa, na ce kamar taƙi ɗaya. Ya yi 'yar dariya har ta taɓa masa ciwon, ya ce jikokina ma sai sun yi haƙuri. Wata rana da muka rage mu biyu a ɗakin na durƙusa na ce ya yafe mini, na faɗa masa har ƙaryar da na yi wa mai sara. Ya saurara har na gama.

“Ruwa ka kawo mini, malamin gona,” ya ce. “Me zan yafe?”

Na so a ce zagina ya yi. Na so ya ɗaga murya ko sau ɗaya, in samu abin da zan riƙe in ce an hukunta ni. Bai ba ni ba. Ya rasu bayan an gama yankan gero, sanyi na shirin shigowa, da hantsi, ƙanwata na ba shi kunu.

Na ci gaba da zuwa ƙauye duk ranar da na samu, lambu ya dawo hannuna ko ina so ko ba na so. Ɗan koren nan na ƙarƙashin marmara yana nan, bai ƙaru ba, bai mutu ba. Na sa an toshe ramukan taka ƙafar da siminti. Na dasa baure biyu ta kudu ina ba su ruwa, na kuma san ko sun yi sauri ba za su rufe bakin rijiyar ina da sauran ƙarfi ba.

Inna na cikin takaba na je gaishe ta wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙanwata ta tafi gidanta ɗauko wani abu, gidan ba kowa. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin daga waje kamar yadda na saba, na yi gaisuwa, ta amsa tana duban bango. Ina shirin tashi sai na ji tana jan kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta fito da tsohuwar hular Baba ta ajiye a tsakaninmu. Ganyen bauren ya bushe ya dare, ganye uku na ciki sun zama baƙin tsinke. Ashe ba ta dafa su ba.

“Na ga kana ta ramewa,” ta ce. Da ni take, kai tsaye, ba ta ce a ce wa kowa ba. “Wai kai ka kashe shi.”

Na dubi hular. Ta ci gaba da magana.

“Wancan abin shaƙar da ka sa aka ba ni, shi ya kwantar da tarin. Ganyen nan tun ina da cikin ƙanwarka nake sha, bai taɓa yi mini komai ba. Ɗaci ne kawai.”

Na ce, “To Inna, me ya hana ki faɗa masa?”

“In na faɗa masa, me zai kawo mini ran Juma'a?”

Ta juya hular a hannunta, ta kaɗe mata ƙura da yatsa.

“Na san yana shiga. Ni ke wanke masa wando, ina ganin jar ƙasa a gwiwa, ina ganin tafin hannunsa ya saluɓe da igiya. Duk Juma'a ina cewa yau zan ce masa ya bari. Sai ya shigo ya ajiye hular, sai in ɗauka.” Ta yi tari kaɗan, ta jira ya wuce. “Kai rana ɗaya ka yi naka. Ni kuwa, ka ƙirga Juma'a nawa ce daga kaka zuwa bazara.”

Ba ta yi kuka ba, ni ne na kasa riƙe nawa. Ta bar ni har na gaji. Ta mayar da hular cikin kwalla ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Sannan ta kira sunana, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da ta haife ni, ta ce in tashi in kama hanyar Daura tun da sauran rana.